Da Autarmu Ta Ce Za Ta Shiga Gasar Kyau

Kun saba in zo muku da ƙagaggen labari, inda nakan aurar da wadda na ga dama, in raba wadda na ga dama, in hallaka mugu a shafin ƙarshe kowa ya huta. To yau kam abin da ya faru a tsakar gidanmu na kawo muku, wanda alƙalamina ba shi da ikon sauya komai a cikinsa. Dalilin rubuta shi kuwa, a yanzu 'yan matanmu da ke manyan makarantu suna ta shiga gasar sarauniyar kyau, wasu da sanin gida, da yawa kuma iyaye sai dai su tsinci hoton 'yarsu a wayar maƙwabta. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Autarmu tana da shekara 19 a lokacin, tana aji biyu a wata babbar makaranta a nan jiharmu. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, irin baƙin nan mai sheƙi da Kakarmu ke cewa na dangin mijinta ne. Wata Asabar ta zo gidana, ta yi wanke-wanken da ban sa ta ba, ta share ɗaki, ta yi wa yara wanka. Tun daga nan na san ruwa ba ya tsami banza.

"Yaya, wata magana zan gaya miki, amma don girman Allah kada ki yi min faɗa."

"To faɗi mana, ai tun ɗazu nake jira."

"'Yan ajinmu ne suka sa sunana a gasar sarauniyar kyau ta makon al'adu. Saura sati shida. Wallahi ba irin wadda kike zato ba ce, kayan gargajiya ake sawa, a yi tafiya, a amsa tambayoyi, shi ke nan."

Na ce, "Inna ta sani?" Ta sunkuyar da kai. Na ce, "Baba fa?" Sai ta ce ai shi ya sa ta zo wurina, wai in rufa mata asiri in raka ta, in an gama an gama, ba wanda zai ji.

Ke mai karatu, in yarinya ce ke, ba lallai ki gane abin da ya sa maganar gasar kyau take faɗar wa iyayenmu da gaba ba. A shekarar 2001 wata 'yar Nijeriya daga Jihar Ribas, Agbani Darego, ta ci gasar sarauniyar kyau ta duniya a ƙasar Afirka ta Kudu. Da shekara ta zagayo aka shirya yin gasar a Abuja, ga shi kuma hidimar ta faɗo cikin watan azumi. Ana cikin ce-ce-ku-ce sai wata jarida ta buga rubutun da ya taɓa martabar Manzon Allah (SAW), rikici ya ɓarke a Kaduna a watan Nuwamban 2002, mutum sama da 200 suka rasa rayukansu, ala tilas aka kwashe gasar aka kai ta Landan. Ina ƙarama a lokacin, amma ban manta yadda Inna ta kwana uku a kan abin salla ba, saboda ƙaninta da ke kasuwanci a Kaduna ba a ji ɗuriyarsa ba sai daga baya. To ki ce mai wannan tabo a zuciya za ki je wa da maganar gasar kyau?

Ita kuma Auta nata tarihin daban. Ita Shatu Garko ta sani, 'yar Kano mai shekara 18 da ta ci gasar sarauniyar kyau ta Nijeriya a Legas a watan Disambar 2021, wadda ita ce ta farko da ta ci da hijabi a kanta, aka ba ta naira miliyan 10 da mota. Na ce mata ai abin ya girme mu duka. Tun a 1957 jaridar Daily Times ta fara wannan gasa, kuma wadda ta fara ci, Grace Oyelude, haifaffiyar Sabon Garin Kano ce, Arewa ta wakilta. Fam 200 aka ba ta, ta ɗebi wani abu a ciki ta tafi Ingila karatun jinya, ta dawo ta yi shekaru tana aiki a asibitocin Arewa. Har ila yau a 2013 an yi wata gasa ta mata Musulmi a birnin Jakarta na Indonesiya, inda har karatun Alƙur'ani yana cikin abin da ake gwadawa, kuma 'yar Nijeriya Aishah Ajibola ce ta zo ta ɗaya. Wato dai gasa suna ta tara.

Amma na tuna mata abin da ya biyo bayan nasarar Shatu. Malamai da dama sun yi tir, Hukumar Hisbah ta Kano ta fito ta ce bai dace ba, kuma iyayenta sun sha ambato a bakin mutane kamar su ne suka hau dandamalin. Ni ba malama ba ce, ba zan yanke hukunci a nan ba. Mai neman hukunci ta je wurin malamai, kuma ta san da yawansu hani za su yi. Abin da na sani dai, a ƙasar Hausa yarinya ba ta hawa dandamali ita kaɗai, da uwarta da ubanta da sauran 'yan uwanta duk tana ɗauke da su a ka. Don haka na ce mata ko tsinke ba zan ɗaga a wannan hidima ba sai Baba ya ji.

Babanmu tsohon malamin firamare ne, ba ya da saurin fushi, ba ya kuma da saurin yarda. Da muka gama bayani ya yi shiru har shayinsa ya huce, sannan ya ce, "Auta, me za ki sa? Su wa za su kalla? Ƙarfe nawa za a tashi? Wa zai biya kuɗin?" Ta amsa ɗaya bayan ɗaya muryarta na rawa. Sai ya ce, "Yaron nan da suka kawo kayan na gani ina so, ya sani?" Ta ce ta gaya masa, ya ce ba komai.

"Shi ya ce ba komai. Danginsa fa? Aure ba da mutum ɗaya ake yin sa ba. Ki je ki yi tunani kwana uku. In kin dawo kina nan kan bakanki, zan faɗa miki sharuɗɗana."

Bayan kwana uku ta dawo tana kan bakanta. Baba ya ce jiki a rufe daga kai har ƙafa, ba rawa, da rana za a yi ta dawo gida kafin magariba, ƙafata ƙafarta, kuma ko kwabo kada ta karɓa daga hannun wani namiji da sunan taimako. Inna kuwa abu ɗaya ta ce: "Ni dai ba da yawuna ba, Malam." Ba ta ƙara tanka maganar ba har aka yi aka gama.

Litinin na shirya na tafi makarantar na ga masu shirya gasar, ɗalibai ne da wata malama guda. Suka miƙo takarda mai shafi biyu da Turanci, wadda yawancin 'yan matan sun sa wa hannu ba tare da sun karanta ba. Na zauna na bi ta layi layi da ɗan Turancina na sakandare. A ciki akwai inda aka ce suna da ikon amfani da hoton yarinya a duk inda suka ga dama. Na ce sam, sai an rubuta cewa ba za a sa hotonta a tallar kowa ba sai da izininta, kuma suka rubuta. A nan ne kuma na gano rabin maki na alƙalai ne, rabi na ƙuri'a, ita kuwa ƙuri'ar da kuɗi ake jefa ta ta waya, mutum ɗaya yana iya jefa ɗari in yana da hali. 'Yar uwa, ki riƙe wannan da kyau, don za mu dawo kansa. Duk gasar da ake sayen ƙuri'a a cikinta, akwai ƙofar da aka bari a buɗe.

Jarrabawa ta farko daga wata mai sayar da haɗin mai a bakin makaranta ta zo. Ta dubi Auta sama da ƙasa ta ce, "Ke da wannan tsawo da wannan hanci, in kika ɗan ƙara haske wa zai ja da ke? Sati uku kacal." Ta ba ta wata kwalba ba suna ba takarda, wai ta gwada kyauta. Auta ta kawo min tana ɗan murmushin kunya, don ta ga kusan duk abokan karawarta farare ne, wasu na Allah wasu na kanti.

Bari in tsaya a nan, don wannan ya shafi har matan aure da ba su da niyyar shiga wata gasa. Yawancin irin wannan haɗi ana zuba masa sinadarin haidirokwinon, ko maganin sitiroyid, ko kuma zaiba. Sitiroyid yana cinye kaurin fata har jijiyoyi su fito kore shar, ga nankarwa a hannu da cinya wadda ba ta ɓacewa, ga rauni ba ya saurin warkewa, abin da ke zama tashin hankali ranar da aka yi wa mace aiki wurin haihuwa. Haidirokwinon in an daɗe ana shafawa yana barin baƙin tabo a kumatu, wanda ya fi baƙin da aka gudu muni nesa ba kusa ba. Zaiba kuwa tana ratsa fata ta shiga jini, ta taɓa ƙoda, har ta isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Abin ya kai a shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Na ce wa Auta, kambun nan in ma kin ci na shekara guda ne, fatar nan kuwa da ita za a sa ki a likkafani. Kuma ki dubi hoton Agbani da ta ci ta duniya baki ɗaya, baƙa ce kamar ke. Muka juye kwalbar a kwata.

Abin da muka yi maimakon haka, kowace mace ta san shi. Dilka da kurkur sau ɗaya a sati wurin wata 'yar Maiduguri a unguwarmu, sabulun salo, man kaɗe da daddare, ruwa da yawa, barci da wuri. Lalle ja muka zaɓa, domin baƙin nan ana haɗa shi da rinin gashi, akwai fatar da yake ƙonawa har ta tashi. Mai son sa dole ta ɗiga kaɗan a hannu ta jira kwana biyu ta gani. Kitso kwana uku kafin ranar aka yi shi, don ya saki, kada ta hau dandamali da ciwon kai fuska a ɗaure. Da ta fara zancen daina cin tuwon dare da shan shayin rage ƙiba, na ce ba a gidana ba. Shayin nan yawancinsa gudawa kawai yake sawa, ruwan jiki ne ke zubewa. Ilai kuwa, ranar gwaji wata daga cikinsu ta yanke jiki ta faɗi, kwana biyu ba ta sa komai a cikinta ba sai shayin.

Sutura kuwa Kakarmu ce ta raba gardama. Da ta ji Auta shigar Hausawa za ta yi, sai ta sa aka jawo adakarta daga ƙarƙashin gado, ta fito da zanen saƙi da ta yi shekara da shekaru tana ɓoyo, yana ƙamshin turaren wuta. Riga mai dogon hannu muka kai wa tela tun saura sati huɗu, don ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kun san halin telolinmu. Da Kaka ta ga Auta tana koyon wata tafiya a waya, tana karairaya kamar za ta karye, sai ta fashe da dariya har tana tari.

"Ke 'yar nan, wannan tafiya ce ko ciwon baya? Mu wa ya koya mana tafiya? Tulu ne ya koya mana."

Ta sa aka cika ƙwarya da ruwa aka ɗora mata a ka, ta ce ta je ƙofar zaure ta dawo. Ranar farko Auta ta jiƙe sharkaf, yara na ta shewa. Kafin sati biyu tana zuwa ta dawo ko ɗigo bai zuba ba, wuya a miƙe, kafaɗa a sake, ido na kallon gaba. Takalmi ma mai ɗan tudu kaɗan muka saya, ta riƙa yawo da shi a gida har ya saba da ƙafarta.

Inda aiki yake shi ne baki. Auta a gida aku ce, amma in ta ga taro sai harshe ya sarƙe, ta riƙa haɗa Hausa da Turanci ba kai ba gindi. Kullum bayan isha sai in tara yara a tsakar gida su zama 'yan kallo, ni in zama alƙali, in yi ta jefa mata tambaya. Na lura duk abin da ta haddace, da an ɗan karkata tambayar sai ta ɓace. Sai na ce to bari mu nemo abin da za ta sani da gaske. Mayafin da za ta yafa rinin baba ne, don haka muka tafi marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Ta tsuguna bakin rijiyar rini ta ga yadda ake haɗa baba da toka a bar su su jiƙa kwana da kwanaki, yadda ake tsoma zane a ɗaga shi ya sha iska, ya fito kore sannan ya juye shuɗi a gaban idonta, a sake tsomawa har sai ya yi duhun da ake so. Ta ga yadda mata ke ƙulle zane da zare a gida kafin a kawo, don ado ya fito, ta kuma leƙa wurin masu bugu da ke dukan zane da katako har ya ɗauki sheƙi. Tun a hanyar dawowa bakinta bai rufu ba. Abin da mutum ya gani da idonsa ba ya neman hadda.

Saura kwana tara sai ga ƙofar nan da na ce an bari a buɗe. Wani mutum ya samu lambar Auta ya kira ta, murya a sanyaye, wai shi mai son ci gaban 'yan mata ne, ya ga hotonta, ya ga kuma an bar ta a baya a ƙuri'a. Zai saya mata ƙuri'ar da za ta wuce kowa, abin da yake so kawai ta zo masaukinsa su gaisa. Auta ta ce, "To ga yayata ku yi magana," ta miƙo min wayar. Ina yin sallama ya kashe. Da daddare muka gaya wa Baba, washegari na kai wa malamar nan lambar. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, ba Auta kaɗai ya kira ba. Ita tana da wanda za ta miƙa wa waya. Waɗanda suka shiga a ɓoye fa, wa za su gaya wa? In sun kai ƙara gida asirinsu ne zai fara tonuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma irin waɗannan mutane sun san bangon da ya tsage.

Ana gobe gasar, na buɗe jakar Auta zan sa mayafi, sai na tarar da wani ƙulli a cikin tsohon ɗankwali. Murjanin Inna ne na aurenta. Ba ta ce ta saka ba, mu ma ba mu ce mun gani ba.

Ranar kanta ba ta da wani dogon labari. Su 12 ne. Auta ta fito da saƙin Kaka da murjanin Inna, ta yi tafiyarta ta mai ɗauke da tulu. Da aka ce ta yi bayanin abin da ta sa, ta yi magana da Hausa tsantsa a kan rini har zauren ya yi tsit, sannan tafi ya ɓarke. A wurin alƙalai ita ce kan gaba, da aka haɗa da ƙuri'a ta zo ta biyu. Aka ba ta fanka da takardar shaida. A cikin a-daidaita-sahu ta kifa kai a cinyata ta yi ta kuka, na bar ta ta yi mai isarta. Ana kiran magariba muna shiga gida.

Sai dai ba a nan maganar ta ƙare ba. Takardar da na sa aka gyara ta ɗaure masu shirya gasa ne kawai, ba ta ɗaure wayoyin 'yan kallo ba. Kafin kwana biyu bidiyon Auta ya zaga WhatsApp, har ya isa hannun gwaggon yaron nan. Ta zo gidanmu da kanta, ta ce su a zuri'arsu ba sa auren wadda maza suka taru suka yi wa maki. Baba ya ce mata, "Hajiya, da izinina ta je, da yayarta ta je, kuma abin da kika gani a wayar shi ne iyakar abin da aka yi." Ta ce ta ji, amma dai. Shi yaron da ya ce ba komai, da manya suka taso sai ya yi gum. Bayan sati uku suka aiko a ba su kayansu, Baba ya sa aka ƙirga komai aka mayar.

Auta ta yi wata guda ba ta cin abincin kirki. Ba wanda ya ce mata ai ga irinta nan, ko Inna da ta ce ba da yawunta ba, ita ce ma mai dama mata kunu ta zauna kusa da ita har ta shanye. Baba kuwa ya riga ya faɗa tun ranar farko, ya kuma ba ta kwana uku ta auna, ta auna ta zaɓa. Ta yi komai a fili, ta kiyaye sharuɗɗa, duk da haka sai da ta biya wani abu. Na rubuta wannan ɓangare ne don kada wata ta karanta ta ɗauka in dai an rufe jiki an nemi izini to shi ke nan an tsira. Bakin mutane ba ya karanta sharaɗi.

Yanzu tana shekarar ƙarshe a makarantar, fankar tana ɗakin Kaka. Duk lokacin da makon al'adu ya matso, 'yan ƙananan aji sukan zo wurinta neman shawarar kwalliya da tafiya. Tambayar da take fara yi musu ita ce, "An sani a gida?" Wadda ta ce a'a, sai ta ce ta je ta dawo tukuna.

To 'yan mata, wadda zuciyarta ta raya mata shiga irin wannan gasa, ta fara da gida kafin madubi. Ta san irin gasar, ta karanta takarda kafin ta sa hannu, ta bar fatarta yadda Allah Ya yi ta, kada ta karɓi kuɗin wanda ba ta san dalilinsa ba, kuma ta zauna ta lissafa abin da za ta iya rasawa ko da ta ci. In lissafin ya fi ƙarfinta, da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma ba abin kunya ba ne. Ku kuma iyaye mata da yayye, in yarinya ta zo muku da magana irin wannan, ko hana ta za ku yi, ku saurare ta tukuna har ta kai aya. Wadda aka rufe da faɗa tun kafin ta gama magana, gobe ba za ta sake kawo wata maganar gida ba, kuma masu kiran waya suna nan suna jira.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba 'yan matanmu mazaje na gari masu tsayawa kan maganarsu. Amin.